Masu Hannun Kunu

A kowace unguwa ta ƙasar Bagudo, daga cikin gari har Zagga da Ka'oje da Illo da Lolo, akwai macen da ake tura yarinya ta kira idan jinjiri ya kai wata shida ya ƙi karɓar komai sai nono. Ba lallai ta zama ungozoma ba, ba kuma malamar asibiti ba ce. Babu wanda ya naɗa ta, ba a biyan ta ko sisi, iyakarta goro da "Allah ya bar zumunci". Abin da mata ke faɗa a kanta kawai shi ne tana da hannu. Yaran da suka tashi a gabanta ba su cika zubewa lokacin haƙori ko lokacin yaye ba, kuma matan unguwa sun lura da haka tun kafin a fara zuwa awo. Mai tuƙa tuwon biki a gaban taro ake yabonta. Mai dama kunun ɗan wata bakwai kuwa, wa ya san ta yi wani aiki? Ni dai a ganina, cikin duk ayyukan madafi babu wanda ya kai wannan buƙatar ilimi, babu kuma wanda aka raina kamarsa.

Ƙasar ba ta rasa abin dafawa ba. Ta nan kogin Kwara yake shigowa Nijeriya bayan ya baro Gaya da Malanbil, ya shimfiɗa fadamar da ake noman shinkafa da albasa rani da damina. A tudu ga gero da dawa da wake da gyaɗa. Fulanin Ka'oje na da nono, masunta na da kifi, ɗanye da banda. Ka tsallaka iyaka ta Tsamiya ka faɗa Segbana ka miƙa Kandi, nan ma ƙasar masara ce da waken suya. Duk da haka, binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaran jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Babu jihar da ta kai ta a wancan lissafi, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Ba kunu kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Akwai talauci, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai ruwan sha mara kyau, akwai shekaru irin 2020 da ambaliya ta shanye gonakin shinkafa. Sai dai yawancin tsumburewar nan tana samun yaro ne tsakanin wata 6 da shekara 2, daidai lokacin da nono kaɗai ya daina isarsa, tuwon manya kuma bai iya shi ba tukuna. A wannan ɗan tsakanin gwanar kunu take aikinta.

Abu na farko da ta sani, wanda da yawa ba su sani ba, shi ne cikin yaro ƙarami ne. Masana sun auna: yakan ɗauki kamar giram 30 ga kowane kilo na nauyinsa, ka ga yaro mai kilo 7 da ya sha giram 200 da 'yan kai ya cika, ko mene ne aka zuba masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mai shan nono yana buƙatar ƙarin kalori 200 a rana daga abinci tsakanin wata 6 zuwa 8, ya koma 300 daga wata 9 zuwa 11, sannan 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. To, tsinkakken kokon da aka saba ba yara, wanda ake iya kurɓa daga bakin kofi, kashi 90 cikin 100 ko fiye ruwa ne, sau da yawa ƙarfinsa bai kai rabin na nonon uwa ba. Kafin yaro ya samu kalori 200 daga irin wannan koko sai ya cika ciki har sau uku, ina kuma zai sa nono? Uwa tana ganin ciki ya yi tulele tana murna, ba ta san musanya ta yi ba: ta fitar da abinci mai ƙarfi ta sa ruwa a gurbinsa. Shi ya sa gwana ba ta yarda da kunu sai ta ɗebo a cokali ta karkata shi. In ya zube shar, bai yi ba. Sai wanda ya maƙale, ya yi nauyin faɗuwa, ya bar shafe a jikin cokalin.

Na ga yadda ake wannan gardama a wani gida da ke kan hanyar Lolo, tsakanin wata dattijuwa da matar ɗanta mai goyon fari. Yarinyar ta fito da kofin kunu, tsohuwar ta karɓa ta juya shi sau ɗaya.

"Ke 'yar nan, mi kika dama haka? Wanga ruwa na, ba kunu ba."

"Inna, in ya yi kauri bai iya haɗewa. Turo shi yakai da halshe."

"Gaskiyarki. Kawo tukunyar, ki ɗauko min ƙullin da ke cikin langa."

Abin da ya burge ni shi ne ba ta ƙaryata yarinyar ba, domin ƙorafin gaskiya ne. Kunu mai kauri yana wa ɗan wata shida wuyar haɗiya, wannan ne ma ya sa iyaye ke ta ƙara ruwa. Tsohuwar ta dama wani sabo, ta zuba gari ninki biyu na wanda yarinyar ta sa, har muciya na tsayawa a ciki. Ta sauke, ta bari ya daina ɓararraka amma tururi na tashi. Sai ta kwance ƙullin ta ɗebi cikin ƙaramin cokali na wani gari mai ƙamshin zaƙi-zaƙi ta barbaɗa, ta juya, ta rufe. Bayan 'yan mintoci ta buɗe: kunun da ɗazu yake kamar talge ya saki, ya yi laushi yana bin ludayi, ko ɗigon ruwa ba a ƙara ba. Ta mayar wuta ya sake tafasa sau ɗaya, ta sauke ta fifita.

Garin tsiro ne. Duk mai yin kunun zaƙi ta san shi, domin tsiron shinkafa ko na gero, ko garin busasshen dankali, su ne ke tsinka kunun su ba shi zaƙi ba tare da sukari ba. Hikimar gwana ita ce ɗauko wannan dabara daga kunun manya ta kai ta kwanon jariri. Yadda abin yake aiki kuwa, sitacin da ke cikin gari shi ne ke shan ruwa ya kumbura idan ya ji wuta, wannan shi ne kaurin. Ƙwayar hatsi idan ta fara tsira takan fitar da wani sinadari da masana ke kira amilas, aikinsa ya yanyanka sitaci ya mai da shi zaƙi don ciyar da ɗan tsiron. Idan aka busar da tsiron aka niƙa, sinadarin na nan da ransa. Ya shiga kunu mai zafi sai ya yanyanka sitacin, kauri ya sauka, abincin kuma yana nan bai je ko'ina ba. Ta haka ake iya zuba gari ninki biyu har uku a ruwa ɗaya, yaro ya haɗiye ba wahala. A shekarun 1980 masana a Tanzaniya, da wasu a jami'ar Baroda ta Indiya ƙarƙashin Farfesa Tara Gopaldas, sun yi ta gwaji a kan wannan gari suna rubuta sakamako a mujallun kimiyya. Matan bakin Kwara ba su jira mujalla ba.

Yin sa ba wuya, sai kula. A jiƙa gero ya kwana, a tsane, a baza a kan jiƙaƙƙen buhu a inuwa a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma kwana biyu zuwa uku har ya fito da farin tsiro. A shanya a rana ya bushe ƙayau, a murje da tafin hannu saiwa da tsiron su kakkarye, a sheƙe su, sannan a niƙa ƙwayar. Murjewar nan ba ado ba ce, musamman idan dawa aka yi amfani da ita: ɗanyen tohon dawa yana da dafi, kowane makiyayi ya san abin da gyauro ke yi wa saniya, shi ya sa masu hankali suka fi son gero ko shinkafa. Kada kuma a zuba garin cikin kunu yana kan tafasa, zafin zai kashe sinadarin kafin ya yi aiki. Tafasar ƙarshen nan kuwa ta kashe ƙwayoyin cutar da garin ya kwaso ne wajen shanya. Akwai masu ƙyamar tsiro don sun san da shi ake fara burkutu. Nan ba a bar komai ya kwana ya tashi ba, mintoci ne, babu abin maye a ciki ko kaɗan.

Kauri kaɗai ba ya gina jiki. Zallar gero ko masara ƙarfi ne ba tsoka, don haka gari na gaske haɗi ne. Ma'aunin da ma'aikatan abinci mai gina jiki suke koyarwa a arewa, na garin da ake kira Tom Brown, shi ne shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, ko da gwangwani aka auna ko da tiya. Abin da hatsi ya gaza a sinadarin gina jiki, dangin wake ke cike shi. Kowanne daban ake soya shi a kasko, domin wutar da za ta gasa waken suya ƙona gero za ta yi. Shi waken suya ba ya son gaggawa. Ɗanyensa na da abin da ke hana ciki narkar da abinci, ga ƙarni, don haka sai an jiƙa shi ko an tafasa, an murje ɓawon, an shanya, an soya har ya yi ja ya fara ƙamshi. Macen da ta ce ɗanta ba ya son kunun waken suya, yana sa shi kumburin ciki, ka bincika, galibi suyar ce ba ta kai ba. Bayan niƙa a tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba a mazubi mai murfi. Da damina gwana ba ta niƙa mai yawa, saboda man gyaɗar da ke ciki yana saurin juyawa ya yi wari.

Kafin duk wannan akwai zaman tsinta, wanda 'yan mata suka fi ƙi. A zube gyaɗa a faifai a bi ta ƙwaya-ƙwaya: yamutsattsiya, mai baƙi, mai huda, mai fumfuna, duk a fitar. Tsofaffi cewa suke mai ɗaci tana ɓata wa yaro ciki. Abin ya wuce haka. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba tana haifar da dafin da ake kira aflatoksin, wanda suya ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi. A 2002 mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani bincike da aka yi a ƙauyuka 16 na Benin da Togo, maƙwabtanmu na kusa, a kan yara 480 'yan wata 9 zuwa shekara 5. An samu alamar dafin a jinin kashi 99 cikin 100. Yaran da aka yaye sun ninka masu shan nono yawan dafin, waɗanda suka fi shi yawa a jini kuma su ne suka fi tsumburewa. Dafin yakan taru ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan da suka lalace, saboda haka hannun da ke tsinta yana rage shi sosai. Abin takaici, a gidaje da yawa mai kyau ake kaiwa kasuwa, tsintacciyar a bar wa gida. Gwana akasin haka take yi: ta yaro ita ce zaɓaɓɓiya.

Masu son koko ma suna da hujjarsu. Gasarar da aka jiƙa ta kwana ta yi tsami ba ta saurin lalacewa, domin tsamin na hana ƙwayoyin gudawa yaɗuwa. Wata masaniya 'yar Gana, Patience Mensah, ta nuna haka da abokan aikinta a 1990. A garin da zafin bazara ke juya abinci kafin azahar, ga babu firji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsamin kuma yana sassauta abin da ke ɗaure sinadarin ƙarin jini a cikin hatsi. Illar gasara ita ce tacewa, wadda ke tafiya da wani kaso na amfanin ƙwayar cikin dusa. Don haka kokon yaro sai an dama shi da kauri an tallafe shi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko madarar shanu da aka tafasa. Nasa kuma ana ɗebe shi ne kafin a sa citta da kanumfari da barkono. Kanwa ta mai jego ce, ba ta jinjiri ba. Sukari da gishiri da dunƙulen ɗanɗano ba su da gurbi a kwanonsa. In ana son zaƙi ga tsiro, ga ayaba, ga dabino a jiƙa a murje. Zuma kuwa, duk da darajarta a wurinmu, likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ba, saboda takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai yi ƙwarin tare ta ba, ta shanye masa jiki.

Daga kunu sai dame-dame, nan ne ake gane mai ido da kasuwa. Da kaka ga kabewa da dankali. Gwana ba ta nutsar da su a ruwa ta tsiyaye ta zubar, turarawa take ko ta dafa da ɗan ruwan da zai ƙone a ciki, ta murje da bayan ludayi, ta ɗiga cikin ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa ko man shanu. Cokalin man nan kaɗai kalori 40 ne da wani abu, kuma bitamin A da ke cikin jan kabewa ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Da bazara ga mangwaro, a matse nunanne a tace zaren. Da damina ga ƙwan zabi ya yi araha, ga ɗanyen zogale. In an busar da zogalen don ajiya a inuwa ake yi, rana na cinye amfaninsa. Da rani ga 'ya'yan kuka, waɗanda garinsu ke da bitamin C mai yawa, a barbaɗa bayan an sauke kunu, yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarin jinin da ke cikin gero. Shayi akasin haka yake yi, kuma abin haushi ne yadda ya zama karin kumallon yara a garuruwanmu. Ajiyar sinadarin ƙarin jini da yaro ya zo da ita daga ciki takan ƙare ne wajen wata shida, shi ya sa ɗan yankin hanta da aka dafa aka murje, ko sau ɗaya a mako, ya fi kwanon shinkafa fara amfani. Shi kuwa camfin nan na cewa yaron da aka ba ƙwai sata zai yi, ban taɓa jin gwana ta kula shi ba. Dafa shi take ya dahu sosai, ta fara da gwaiduwa, kwana kaɗan ta haɗa da farin.

Kifi ne arzikin bakin kogi, kuma wurin gyara shi ake ganin natsuwar mace. Takan zaɓi tarwaɗa saboda tsokarta ba ta da ƙananan ƙayoyi da yawa. Ta dafa, ta bari ya huce, ta fito tsakar gida inda haske yake, ba a ɗaki ba, ba kuma da dare ba. Ta ɓare tsokar a faranti, ta riƙa ɗaukar kaɗan-kaɗan tana murzawa tsakanin babban yatsa da manuni. Ido na iya kuskure ƙaya, fatar yatsa ba ta kuskurewa. In ta gama sai ta sake bi daga farko, ko da ba ta samu komai ba a zagayen farko. Ƙananan busassun kifi kuwa, irin warangin da ake kamawa a tafkin Kainji, ba a cire musu komai: a ɗan gasa, a daka har kai da ƙashi, a tankaɗe, a riƙa zuba cokali guda a kunu ko faten wake. Ƙashin nan da aka daka shi ne ke gina na yaron. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi yanzu ya kasa abincin yara gida takwas, ana so yaro ya taɓa aƙalla biyar a yini. Lissafa na gwana: nono, gero, gyaɗa, kifi, kabewa. Ta cika biyar ba ta taɓa jin labarin ma'aunin ba.

Ba a daɗewa a kan abu mai laushi sumul. Rariya ta makonnin farko ce. Wajen wata takwas sai a bar 'yan gudaji, a wata tara a ba shi abin da zai riƙa da hannunsa, yankin dafaffen dankali ko gwanda. Yaron da aka daɗe ana tace masa komai yakan ƙi tauna daga baya. Ƙwayar gyaɗa guda dai, ko wake da bai fashe ba, ba a barin su kusa da shi, saboda shaƙewa.

Akwai al'ada ɗaya da ba zan yaba ba ko da kakata ce ta yi, ita ce ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a toshe hanci, a tsiyaya kunu. Yana neman numfashi yana haɗiya. Na san abin da ke kawo ta. Mace ce ga surfe ga ɗiban ruwa ga aikin gona, ɗura minti biyu ce, cokali rabin awa. Amma kunun na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu ya zama limoniya, yaron kuma ya tashi yana ganin kwano ya fara kuka. Wani abin da ba a cika lura da shi ba, tsinkakken kunu kaɗai ke ɗuruwa. Ashe ɗura da tsinkewar kunu tare suke tafiya, gidan da ake ɗaya ana ɗayan. Ita gwana zaunar da shi take a cinya, bayansa a jikinta, ta wanke hannunta da nasa da sabulu, ta fara da cokali biyu ko uku, sau biyu a yini, bayan ya sha nono. Ta kai cokalin bakin leɓe ta jira ya buɗe da kansa. In ya kau da kai ta janye, ta yi masa wasa. In kakarsa ce, ai sai tsiyar jika: "Haba angona, ni da na dama maka da hannuna za ka ƙi? To bari in kai wa wani mijin." Yaro bai san me aka ce ba, amma ya ga fuska, ya yi dariya, cokali ya shige. Abin da ya tofar yau ba ta yanke masa hukunci a kai, ta san sabon ɗanɗano sai an maimaita shi sau takwas ko goma kafin wani yaron ya karɓa. Ragowar da ta wuce awa biyu ba ta ajiye masa, yayyensa ke shanyewa. In ya yi zazzaɓi ko gudawa ba ta ɗauke abinci, ragewa take ta yawaita, ya warke kuma ta ƙara masa ci ɗaya a yini har ya maido da abin da ya zube.

Gwangwanayen abincin jarirai sun cika shaguna a kowane ɓangare na iyaka, wasu da rubutun Faransanci wasu da na Turanci, kuma matasan iyaye na ganin su ne wayewa. Tarihinsu bai kai na kunu ba: Henri Nestlé ya fara sayar da garinsa a Suwizalan a 1867, kamfanin Gerber na Amurka ya fara nasa a 1928. Ba na cewa guba ne. Suna da sinadaran da aka ƙara musu, ga sauƙi ga mai aikin ofis. Sai dai a 2024 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta wallafa rahoton da ya nuna ana ƙara sukari a Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe irin namu, alhali irinsa na Jamus da Ingila babu. Babbar matsalar ma kuɗi ce. Gwangwanin da ya kamata ya ƙare a 'yan kwanaki sai a ja shi ya yi wata, ana tsinka shi da ruwa, an dawo gidan jiya da tsada. Kuɗin gwangwani ɗaya zai haɗa garin da zai daɗe ninkin-ba-ninkin.

Su kansu likitoci sun dawo kan haka. Ƙungiyar MSF, wadda ta fara kula da yara masu tamowa a babban asibitin Maiyama a 2022, ma'aikatanta na bin ƙauyuka suna koya wa mata haɗa garin dawa da waken suya da gyaɗa. Ko ɗan ƙunshin nan na maganin tamowa, Plumpy'Nut, wanda likitan Faransa André Briend ya ƙirƙiro a 1996, ya kuma yi suna a yunwar 2005 a Maraɗi, tushensa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da mai da sukari da bitamin. Dabara ɗaya ce, a cusa kalori 500 a cikin giram 92. Amma shi magani ne, kuma gwanar kirki ta san iyakarta. Idan ƙafafun yaro suka kumbura, ko aka zagaya masa zaren awo a damtse ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, ko ya ƙi ci ɗungum, ba ta cewa bari a gwada wani kunu. Cewa take a ɗauke shi a tafi asibiti yau.

Da rarrafe yaro kan tashi. Yana cika shekara sai ya shiga tuwon gida, amma ba kwanon taron yara ba, inda mai shekara biyar ke loma uku kafin shi ya kai ɗaya. Kwanonsa daban, don a ga abin da ya ci. Miyarsa daga ƙasan tukunya ake kwaso ta, inda wake da kifi suka kwanta, kafin a zuba yaji, ba romon sama ba. Nono kuma na nan har shekara biyu, abin da addini ya kwaɗaitar kuma likitoci suka zo suka tarar. Yayen dare ɗaya, a shafa maɗaci a ɗauke yaro a kai wani gari alhali bai saba da cin komai ba, shi ne ke jefa da yawa cikin rama. A gidan da akwai mai hannu, tun watanni kafin ranar ake rage shan rana, a bar na dare, sannan a rage shi ma. In ranar ta zo aka yi rubutun yaye za a kai shi wurin kaka, ana haɗa shi da ƙullin garinsa da na tsiro da na kifi, a kuma aika da yayarsa mai rainonsa ta kwana biyu can, don ta nuna irin kaurin da ya saba sha.